Direba, Taka Mana

A Briketeri, unguwarmu ta Yawunde da muke kira Birik, in mutum ya dawo daga Duwala, bayan "sannu da hanya" da "ya ka baro su", tambayar da ke biyo baya ita ce, "Awa nawa kuka yi?" In ya ce huɗu da rabi, sai a taya shi jaje, a ce ya faɗa hannun direba mai sanyin jiki. In ya ce uku ba kaɗan, sai fuskoki su washe, wani ya ce, "Kai, wannan direban namiji ne! Motar wace tasha ce? Nan gaba ita zan hau." Haka muke yi a ƙofar shagon tela, haka muke yi a bencin mai shayi, haka muke yi a gaban masallaci bayan la'asar. Ba wanda ke tambayar sau nawa gaban matafiyin ya faɗi a hanya, ko a wace kwana motar ta sha gaban tirela alhali direba bai ga abin da ke tafe ba. Tunda mutum ya iso da ƙafafunsa, magana ta ƙare.

Mu mutanen hanya ne, wannan ba a ja. Kakanninmu fatake ne da suka sauka Yawunde tun zamanin Jamus, da tufa da goro da shanu, a ƙafa, suna kwana zango-zango. Su ne suka bar mana maganar cewa tafiya sannu-sannu kwana nesa. Har gobe cin abincin unguwar nan a kan taya yake. Mai atamfa da shadda yana saro kaya a Duwala. Mai tsire yana jiran shanun da suka taso daga Adamawa. 'Yan'uwanmu Bamun kullum suna kan hanyar Fumban, ta Obala da Bafiya da Makenene. Wanda bai samu jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ba sai ya bi ta Ayos da Bartuwa da Garwa-Bulai da Maiganga, ya kwana ya yini a mota. Da wuya ka shiga gida a Birik ka fito ba ka tarar da direba, ko ɗan moto, ko mai mota, ko wanda zai yi sammakon tafiya gobe ba. Saboda haka zancen gudu a hanya ba zancen wasu can ba ne, zancen cikin gida ne.

Ku dubi yadda muke yi in mun hau mota. An gama lodi a tashar Mvan, an yi addu'ar tafiya, kowa ya shafa. An fita gari, an wuce Mbankomo, sai ga tirelar gungume a gaba tana jan ciki a hawa. Direba ya bi ta a hankali yana jiran inda hanya za ta buɗe. Minti biyar ba ta cika ba sai gunaguni ya tashi daga baya. "Direba, taka mana!" "Malam, yau a nan za mu kwana?" "Ni fa kasuwa zan cimma." Sai wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, bi a hankali, gara mu makara." Nan da nan a yi mata caa: "Hajiya, in tsoro kike ji ai da kin hau jirgi." Direban nan ɗan Adam ne, yana da zuciya, ba ya son a ce masa rago a gaban yaron motarsa. Sai ya leƙa, ya danna oda, ya fita hannun da ba nasa ba, mutum saba'in suna bayansa. In an wuce lafiya a yi masa kirari. In ba a wuce ba, gobe a ce direba ne ya yi ganganci. Gaskiya ne ƙafarsa ce a kan totur, amma sau da yawa bakinmu ne yake taka ta.

Alhali lambar nan da ke cikin jan zobe a bakin titi ba ado ba ce. Dokar hanya da ƙasashen CEMAC shida suka amince da ita a 2001, wato Kamaru da Chadi da Gabon da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, ita muke bi. A cikin gari iyakar gudu kilomita 60 ne a awa, a wajen gari ƙaramar mota ba ta wuce 110, manyan motoci kuma nasu bai kai haka ba. Inda aka kafa allo da lambar da ta gaza wannan, to allon ne mai magana. Wanda ya rubuta 40 a bakin wata kwana ya auna lanƙwasarta, ya auna gangararta, ya duba nisan da idon direba ke iya kaiwa, ya ga akwai kasuwa ko makaranta a bayanta. Ya san abin da baƙon hanya bai sani ba, har ma abin da ɗan hanya ya manta don sabo. Kuma lambar iyaka ce ta ranar da garin yake garau, taya sabuwa, direba ya yi barci ya ƙoshi. Ran da ake ruwa, ko da dare, ko mota ta yi nauyi, abin da ya dace yana ƙasa da ita. Mu kuwa mun ɗauke ta a matsayin inda ake farawa.

To me ma muke samu a gudun? A yi lissafi irin na kasuwa, tunda shi muka fi ganewa. Tsakanin Yawunde da Duwala wajen kilomita 240 ne. Mai tafiya a 80 zai yi awa uku. Mai tafiya a 100 zai yi awa biyu da minti 24. Ribar duka minti 36 ce, ita ma a takarda, domin a zahiri akwai shingen biyan sefa 500, akwai garuruwan Bumnyebel da Puma da Edeya, akwai cunkoson shiga Duwala da ke cinye abin da aka tara. Sau nawa motar da ta wuce ku kamar iska kuka tarar da ita a layi ɗaya da ku a bakin gari? A cikin gari abin ya fi ban takaici. Tafiyar kilomita uku a 40 minti huɗu da rabi ce, a 60 minti uku. Minti ɗaya da rabi. Ɗan kasuwar da ba zai yarda ya zuba jarinsa duka don ribar dala ɗaya ba, shi ne zai zuba ransa da na mutane don minti ɗaya da rabi.

Yanzu a dawo titinmu na Birik, da magariba ta gabato. Hayaƙin tsire ya rufe rabin hanya, masu saye sun faka motoci a gefe biyu. Teloli sun fito da benci. Mai baro yana turo lemo, taksi mai ruwan ɗorawa ta tsaya a tsakiyar titi tana cinikin fasinja, moto na kutsawa ta kowace kafa. Yara sun taso daga makarantar allo, ga wata 'yar shekara shida an aike ta sayen magi, kuɗin a dunƙule a hannunta, idonta na kan shagon da ke tsallake. Ta fito daga bayan motar da aka faka. Daga lokacin da idon direba ya gan ta zuwa lokacin da ƙafarsa za ta kai kan birki, daƙiƙa guda ta wuce, ko da lafiyayye ne mai hankali a jikinsa. A daƙiƙar nan mota mai gudun 30 ta ci mita 8, sannan birki ya ci kamar mita 5, ta tsaya cik a wajen mita 13. Mai gudun 60 kuwa ta ci kusan mita 17 kafin ma a taɓa birki. Wato a daidai inda ta farko ta tsaya yarinyar ta wuce da maginta, ta biyu ko rage gudu ba ta fara ba. In an ninka gudu, nisan da birki ke bukata ba ninkawa yake ba, riɓanya huɗu yake. Wannan ba ya sauraron gwanintar kowa, ba ya duba shekarun da mutum ya yi yana riƙe da sitiyari.

Masu ilimin abin sun auna cewa karo a gudun 30 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita uku da rabi, karo a gudun 60 kuwa kamar faɗowa ne daga mita 14, wato daga saman bene mai hawa huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in aka buge mai tafiya a ƙasa a gudun 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na gudun 50 sau huɗu da rabi. Ta kuma ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a gudun da motoci ke yi a hanya yana ƙara haɗurra masu kisa da kashi 4. Shi ya sa ministocin ƙasashen duniya da suka taru a Stockholm a Fabrairun 2020 suka nemi a mai da iyakar gudu 30 a duk inda mutane da motoci ke cuɗanya, kuma birnin Paris ya yi haka a yawancin titunansa tun Agustan 2021. In Paris mai faffaɗan gefen titi da fitilun tsallakawa ta ga 30 ce daidai, ina ga Briketeri, inda gefen titin shi ne shago, shi ne wurin alwala, shi ne filin wasan yara, ranar Juma'a kuma sahu ya fito har kan kwalta? Doka ta ba ka 60 a gari, amma titin da ke tsakanin babban masallaci da masu tsire bai ba ka ba.

Sai 'yan moto, 'ya'yanmu da ƙannenmu. Ba na cikin masu zaginsu, domin na san abin da ya ɗora su a kan babur. Tun da kamfanin bas na SOTUC ya rufe a 1995, garin ya yi ta faɗaɗa yana hawa duwatsu, lunguna suka yi yawa inda taksi ba ta shiga, ga baburan Sin masu araha sun cika kasuwa, ga samari ba aikin yi. Yaro ya taso daga Marwa ko Garwa, wani Alhaji ya ba shi babur da sharaɗin ya kawo kaza kowace yamma. Sai ya fara tara na mai babur, sannan na mai, sannan abin da zai ci, sannan abin da zai aika gida. Ka ga kuwa duk fasinjan da ya riga wani ɗauka riba ce. Wasu har sukan haɗiyi tiramol don kada su ji gajiya, kuma wanda bai ji gajiya ba tsoro ma ba ya ji. Amma mu da muke hawa fa? Mace da goyo a baya, yaro a kan tanki, buhun kayan miya daga kasuwar Mokolo a cinya, ba hular kwano ko ɗaya, kuma abin da za ta fara cewa shi ne, "Yi sauri, na bar tukunya a wuta." Shi kuma Alhajin da ya yanka wa yaro kuɗin da ba a iya haɗawa sai da gudu, ya sani ko bai sani ba, da hannunsa a cikin abin da zai faru.

Ranar farin cikinmu ma mun mai da ita ranar zullumi. A ce za a kai amarya daga Birik zuwa Tsinga ko Nkomkana, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Sai motoci goma su jeru, kowace na son ta riga, babura na gaba suna wasa da taya ɗaya, 'yan mata sun fito da rabin jiki ta taga suna guɗa, oda na tashi kamar gari ya kama da wuta. Iyaye na tsaye a ƙofar gida suna murmushi, wai buki ya yi armashi. Da azumi kuwa, rabin awa kafin shan ruwa, kowa ya zama mai gaggawa, ga yunwa, ga ƙishirwa, ga ido ya yi nauyi, alhali dabino uku a aljihu sun isa mutum ya buɗa baki a duk inda kiran salla ya same shi. Ranar Juma'a mutum zai zauna hira har liman ya hau mumbari, sannan ya figi mota don ya samu raka'a, ya firgita tsofaffin da ke tafiya masallacin da sanda. Malamanmu kullum suna karantar da mu cewa salla da natsuwa ake zuwa mata. In ba a yarda ka zo mata da gudun ƙafa ba, yaya za a yarda da gudun mota?

Akwai kuma wata al'ada da muke ɗauka zumunci ce. Jandarmomi sun kafa na'urar auna gudu a hanyar Duwala ko ta Bafusam, sai direban da ya wuce su ya riƙa ƙyafta wa masu tahowa fitila. Kowa ya taka birki, ya wuce a ladabce, da an sha kwana a koma gidan jiya, har a ɗaga wa juna hannu don godiya. Tarar gudu sefa dubu 25 ce, kuma na san ba ƙaramin kuɗi ba ne ga direban haya. Amma a tsaya a duba wanda aka taimaka. Mai ƙyafta fitila bai san wanda yake ceta daga tara ba. Wataƙila wanda ke tafe ɗin bai runtsa ba tun jiya, wataƙila tayarsa ta suɗe, wataƙila tsayawar nan ta minti goma ita ce za ta raba shi da ajalin wasu a ƙauye na gaba. Kuma in an kama mu, maimakon mu karɓi takarda mu ji zafin kuɗin mu gyara, sai mu shiga "a yi haƙuri, a duba mana", muna laluben aljihu. Duk inda aka samu mai karɓa, ai da mai bayarwa.

Wanda ke shakkar cewa lambar allo tana da nauyi, ya tuna Eseka. Ranar Juma'a 21 ga Oktoban 2016 aka wayi gari hanyar Duwala ta yanke a kusa da Matomb, ruwa ya cinye kwalbati. Jama'a suka kwarara tashar jirgin ƙasa, aka ƙara taragai, jirgi ya tashi maƙil da mutane. Da ya gangaro Eseka sai ya kauce daga kan dogo. Mutum 79 suka rasu bisa ƙidayar hukuma, ɗaruruwa suka ji rauni. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya faɗi dalilai, har da lodin da ya wuce kima da matsalar birki, amma na gaba a cikinsu shi ne gudu: jirgin yana tafiya a kilomita 96 a awa a wurin da aka ƙayyade 40. Jirgi ne mai hanyarsa shi kaɗai, ba mai shan gabansa, ba mai tsallaka masa, amma da aka zarce lambar, ƙarfe bai yi wa kowa kara ba. To ina ga mota, wadda ke raba hanya da tirela da babur da akuya da ɗan makaranta?

Ba mu manta da ƙarshen 2020 ba. Ranar 27 ga Disamba, da dare, motar fasinja da ta taso daga yankin Fumban zuwa Yawunde ta yi haɗari a kusa da Ndikinimeki, mutum 37 suka rasu. Wata ɗaya cif bayan haka, ranar 27 ga Janairun 2021, a gangaren dutsen Dschang, bas ta yi karo da motar da ke ɗauke da mai, wuta ta tashi, mutum 53 suka riga mu gidan gaskiya, da yawansu ba a iya gane su ba. Ba banza ba mutanen ƙasar nan suke kiran hanyoyin da suka haɗa Yawunde da Duwala da Bafusam kusurwa uku ta mutuwa. Kowane haɗari da nasa sanadin, wani birki, wani barci, wani taya. Amma gudu shi ne ke yanke hukuncin ko sanadin zai tsaya a kan fashewar fitila da cacar baki, ko zai kai ga jera gawarwaki a bakin hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai fiye da mutum dubu 7 ne suka mutu a hanyoyin Kamaru. A duniya kuwa wajen miliyan 1.19 ne a shekara, kuma babu abin da ya fi hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato 'yan makarantarmu da angwayenmu da masu ɗaukar nauyin gidajenmu gobe.

In an dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi, sai ka ji muna cewa, "Kwana ne ya ƙare." "Ƙaddara ta riga fata." Gaskiya ne, kuma da wannan maganar ce zuciyar uwa ke samun sanyi, ba wanda zai hana a faɗe ta a gidan makoki. Inda muke kuskure shi ne mu ɗauko maganar da aka tanada don haƙuri bayan abu ya faru, mu mai da ita lasisin ganganci kafin ya faru. Mutumin da ke cewa "in kwana bai ƙare ba ko a 140 ba abin da zai same ni", shi ne ke sa wa shagonsa kwaɗo biyu da dare, bai taɓa cewa in an ƙaddara sata za a yi ba. Malamai ba su bar wannan magana a buɗe ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda Kamaru ke cikinta, ta zauna a Brunei a 1993 ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, tunda shugabanni sun kafa su ne don tsare rayuka, kuma wanda ya saɓa ya jawo ɓarna, alhakin yana wuyansa. Kisan kuskure kuwa sananne ne a littattafanmu: akwai diyya, akwai kaffarar azumin wata biyu a jere. Direba nawa ne a cikinmu ya taɓa zama ya yi wannan lissafin kafin ya tada mota? Fasinja amana ne, mai tafiya a gefen titi ma amana ne, ko da ba ka san sunansa ba.

Waɗanda suka mutu ana yi musu addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, a watse. Waɗanda suka rayu da rauni su ne labarin da ba mu cika bayarwa ba. Je ka Babban Asibitin Yawunde, ko cibiyar agajin gaggawa da aka buɗe kusa da shi a 2015, ga su nan ƙafa da ƙafa daga unguwarmu. Za ka ga saurayi kwance da ƙarfe a cinya, mahaifiyarsa na zaune a ƙasa da kwanon abinci da takardar magani a hannu, tana lissafin abin da ya rage a gida da za a sayar. Keken ɗinki ya tafi, ɗan kunnen aure ya tafi. In kuɗi ya ƙare a ɗauko shi a kai wa mai ɗori, ƙafa ta warke a karkace ko ta ƙi warkewa. Bayan sallar isha'i a miƙe a masallaci a ce, "Jama'a, ɗan'uwanku na asibiti, a taimaka." Muna bayarwa, Allah ya sani mutanen Birik ba su da rowa a wannan fage. Amma da za mu kashe rabin wannan tausayin tun kafin a hau babur, da an huta da yawan yawo da faranti.

Na san abin da direbobi za su ce, kuma suna da gaskiya a ciki. Hanyoyin sun yi ƙunci, ga ramuka. Wani wurin allon ya faɗi, wani ciyawa ta rufe shi, wani an sace. Tirela ta lalace a tsakiyar hanya da dare ba alama sai ganye. Sabuwar babbar hanyar Duwala kilomita 60 na farko ne aka buɗe, sauran ana jira. Motocin da muke iya saye sun gama ƙuruciyarsu a Turai. Masu tasha suna son direba ya je ya dawo ya sake komawa a yini ɗaya. Duk wannan haƙƙi ne a kan hukuma da masu motoci, kuma ya kamata shugabannin unguwa su riƙa faɗa da babbar murya, su nemi a sa mana tudun rage gudu da layin tsallakawa a gaban makarantu da masallatai. Sai dai duk abin da aka lissafa hujja ce ta a rage gudu. In hanya ba kyau, mota ta tsufa, allo ya ɓace, asibiti na nesa, to abu ɗaya da ya rage a hannunka shi ne ƙafarka ta dama.

Muna da tsofaffin direbobi a unguwar nan da suka yi shekara talatin suna kai kaya Arewa suna dawowa, suka aurar da 'ya'ya, suka sauke farali, ba su taɓa taka ko kaza ba. Zauna da ɗayansu ka ce, "Baba, mene ne sirrin?" Ba zai nuna maka laya ba. Zai ce yana duba taya da birki da kansa kafin ya tashi, ba ya shan gaban mota sai ya ga hanya har ƙarshenta, in barci ya zo ya faka ya kwanta, in ya shiga ƙauye ya sauke giya ko da tsakar dare ne, in fasinja ya matsa masa ya ce ga kuɗinka, sauka ka hau wata. Su ne gwanaye. Amma ba su muke yi wa kirari ba, yaranmu kuma suna jin wanda muke yabo, shi suke son zama.

Gyaran nan ba sai an jira wani ya zo daga ma'aikata ba. In dattijuwa ta ce a bi a hankali, namiji ɗaya ya ce, "Gaskiyar Hajiya ce," za ka ga rabin motar sun bi bayansa, domin da yawa tsoron suke ji, kunya ce ta rufe musu baki. Mai babur ya yanka wa yaro kuɗin da zai iya haɗawa ba tare da ya sayar da ransa ba, ya haɗa masa da hular kwano biyu. Uban ango ya faɗa tun kafin a tada mota cewa duk wanda zai yi wasa da babur ba ya cikin rakiyar 'yar mutane. Limamai su ba zancen hanya huɗuba guda kafin Salla da kafin komawar yara makaranta, lokacin da tashoshi ke cika. Uwa ta fito da yaro da wuri don kada ta ce wa ɗan moto ya yi sauri. Mai tafiya Duwala ya yi sammako, ya bar wa hanya lokacinta. Kowannenmu yana da baki, kuma da bakin muka ɓata abin, da shi za mu gyara.

Duk wanda zai yi tafiya a unguwar nan, sai mun raka shi da "Allah ya kiyaye hanya." Addu'a ce mai kyau, kada mu bar ta. Amma wanda ya roƙi Allah kiyayewa sai ya kama sababinta, sababin kuwa an rubuta shi da manyan lambobi a bakin titi, inda mai karatu da marar karatu duk suna gani. Direbobinmu, Allah ya yi wa sana'arku albarka, ku bi lambar nan. Mu kuma da ke zaune a baya, mu bar ku ku bi ta. Allah ya jiƙan waɗanda hanya ta ɗauke mana, ya ba masu jinya lafiya, ya sa mu daina zama sanadin kukan juna.